Tambaya: ya ake ƙirga kwaɗin kududdufi in mutum ba masani ba ne?

Makwabcin_Tafki:
Salam jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa aikin sa kai na bibiyar kwaɗi ku taimaka min. Akwai kududdufi kusa da ni, ina jin kamar kukan kwaɗinsa ya ragu sosai ba kamar da ba kuma abin na damuna wallahi, to amma ta ya mutum zai ƙirga abin da sai dare yake fitowa kuma yana ɓuya cikin ciyawa? Sai an kama su ne?

Ɗan_Fadama:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba a kamawa, kunne ake kasawa. Mazan ne ke kuka suna kiran mata, kuma kowane iri da muryarsa. Shirin FrogWatch USA na Amurka tun 1998 haka suke yi: ka je bayan faɗuwar rana da aƙalla minti 30, ka tsaya cik minti 2 su manta da kai, sannan ka saurara minti 3. In ɗaiɗaiku kake ji da tazara tsakaninsu ka rubuta 1, in muryoyin sun fara hawa kan juna amma kana iya bambancewa 2, in kuwa wajen ya ɗauka gaba ɗaya ba tsayawa to 3 kenan. Ka haɗa da kwanan wata, ƙarfin iska, da ko an yi ruwa.

Malama_Kimiyya:
Abin da zan ƙara, kuma ni a gurina shi ne ya fi komai, ranar da ba ka ji ko ɗaya ba ka rubuta sifili. Mutane da yawa sai su ce ai yau ba komai su bar takardar haka, alhali wannan shirun shi masu bincike suka fi buƙata, don da shi ake gane raguwa. Waje ɗaya, lokaci ɗaya, shekara bayan shekara, in ba haka ba "ina jin kamar sun ragu" ba za ta zama hujja ba. Kuma damuwarka a kan hanya take, ƙididdigar 2023 ta IUCN, wato ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta nuna kusan kashi 41 cikin 100 na nau'o'in kwaɗi da danginsu na cikin barazanar ƙarewa.

Makwabcin_Tafki:
Na gode Malama. Matsalar ni duk kukan iri ɗaya nake jinsa.

Ɗan_Fadama:
Kunne zai saba. Ka riƙa ɗaukar muryar da waya kana ɗorawa a iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotuna da muryoyin halittu, akwai masu tantancewa su gaya maka ko wane iri ne. Kuma in za ka tashi daga wannan kududdufi zuwa wani ka wanke takalminka tas ya bushe tukuna, akwai wata cutar fata da ake kira chytrid da ta hallaka kwaɗi a ƙasashe da dama, kwaɗo kuwa har da fatarsa yake numfashi, kuma jiƙaƙƙen taɓon takalmi na iya kai ta inda babu ita.