Addu'ar duniya ko famfon unguwa: ina kuɗin zai tafi?

Baban Iliya: Salama gare ku 'yan'uwa. Zan faɗi abin da ke raina, wanda bai ji daɗi ba ya yi haƙuri. Ranakun addu'ar nan na duniya da muke bi ba sa ƙara wa unguwa komai. Daga 18 zuwa 25 ga Janairu, makon addu'ar haɗin kan Kirista. Juma'ar farko ta Maris, Ranar Addu'a ta Duniya. Mu yi hayar rumfa da kujeru da lasifika, mu ɗinka anko, mu sayi man janareta. Rijiyar burtsatsen bayan majami'armu a Sabon Gari kuwa wata huɗu ke nan famfonta ya lalace, mata na ta sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Ni dai bana kuɗina na famfo ne.

Maman Rahila: Haba Baban Iliya, ka taɓa zama a taron Ranar Addu'a ta Duniyar nan har aka tashi? Mata ne suka kafa shi, kuma kowace shekara matan ƙasa guda ke rubuta tsarin sujadar da duniya za ta bi. Na 2024 matan Falasɗinu ne. Na 2026 mu matan Najeriya aka bai wa, a kan Matiyu 11:28, inda Almasihu ke kiran masu nauyin kaya su zo su huta. Ka duba, mace a wata ƙasa da ba ta taɓa jin sunan Zariya ba ta durƙusa saboda gwauruwar da ke Tudun Wada. Wannan ba komai ba ne? Kuma taken taron kansa yana cewa a san halin da mutane ke ciki kafin a yi musu addu'a, sannan a tashi a yi aiki. Baikon bara a Zumuntar Matanmu, da shi muka biya wa gwauraye biyu kuɗin magani.

Baban Iliya: Mama, na yarda da baikon. Amma nawa aka tara, nawa ankon ya ci?

Baba Katikis: 'Ya'yana, ku bari in sa baki. Mu da muka tashi a Wusasa ta Zariya ba mu san an raba addu'a da aiki ba. Likita Miller da abokan aikinsa na CMS, ƙungiyar mishan ta Anglican, sun gina majami'ar St. Bartholomew, ga makaranta, ga asibitin St. Luke, duk wuri ɗaya. Daga nan Dokta Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa. Bakin da ya yi addu'ar asuba, hannun mai shi ne ke wanke gyambo da hantsi. Haka a Jamus, a ƙauyen Herrnhut, a 1727 mutane suka raba sa'o'in dare da rana suna addu'a bi da bi, abin ya kai shekara 100 bai yanke ba. Bayan shekara biyar kacal, a 1732, mutanensu suka tafi wurin bayi a tsibiran Karibiyan. Addu'ar ce ta tashe su daga zaune.

Ɗan Samaru: Baba, da girmamawa, wancan zamani ne. Janar Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya tashi, ya kafa ƙungiyar yi wa ƙasa addu'a, Nigeria Prays, tun 1996. Mu matasa an haife mu ana addu'ar ƙasa, mun girma ana yi, ga shi har yau manomi na tsoron shiga gonarsa. Ba addu'a nake ƙi ba, Allah ya sani. Abin da ke ci mini rai shi ne mu ce amin, kowa ya kama gabansa. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta yi maganar wanda ya ga ɗan'uwansa da yunwa ya sallame shi da fatan alheri kawai.

Baba Katikis: Gaskiyarka ɗana. Amma karanta Ayyukan Manzanni sura 6. Da aka yi ƙorafi kan rabon abincin gwauraye, manzanni ba su daina addu'a ba. Mutum bakwai aka zaɓa aka damƙa musu aikin. Mu ina namu bakwai ɗin?

Anti Nas: A wurin aiki ina ganin yaran da ruwa marar kyau ke kwantarwa da gudawa, kuma damina na tafe. Famfon nan ba mu kaɗai ke sha ba, maƙwabtanmu Musulmi ma nan suke ɗiba. Shawarata: a yi taron Maris cikin majami'a, ba rumfa, ba sabon anko, kowa ta ɗaura zanen zumuntarta na da. Abin da ya rage a kira mai gyara.

Maman Rahila: Rumfa na yarda a bari. Anko kuwa sai na kai wa mata magana ranar Talata, wasu sun riga sun ba tela kuɗi.

Baban Iliya: To Mama, in kun bar rumfar, zan zo taron da kaina, kuma ni zan nemo mai gyaran ya faɗa mana farashi kafin Lahadi.

Ɗan Samaru: Ku sa sunana cikin bakwai ɗin, Baba. Saura shida.