Me za mu kira "sel" da Hausa? Gobe zan naɗi shiri

Mai Shirin Yara: Salamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shirin kimiyya na yara a rediyo, darasin kan sel ne, wato 'yan ƙananan abubuwan nan da aka gina jikin tsiro da na dabba da su. Na rubuta "ƙwayar halitta", sai na iso inda zan ce a cikinta ne abin da ke ɗauko kamannin iyaye zuwa ga 'ya'ya yake, na tuna shi ma ƙwayar halitta muke ce masa. Yaro zai ruɗe. A taimaka mini.

Malamar Kimiyya: Wa alaikumus salam. Bar wa sel ƙwayar halitta, tun da mun riga mun saba da ƙwayoyin jini. Ɗayan ka ce ƙwayar gado.

Ɗalibi: Malama, na ga wasu suna rubuta "tantanin halitta".

Malamar Kimiyya: Tantani ai fatar nan ce marar kauri da ta lulluɓe sel. Idan ka ba sel sunan, me za ka kira fatar?

Tsohon Tafinta: Ƙwaya ta yi mana yawa. Ƙwayar cuta, ƙwayar zarra, ƙwayar magani, ƙwayar ido! Ni "ɗakin rai" nake cewa. A 1665 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Robert Hooke, ya duba ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi a madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ramuka jere, ya ba su suna daga kalmar Latin mai nufin ƙaramin ɗaki. Asalin ke nan, mu bi shi.

Malamar Kimiyya: Allah ya ƙara girma, Baba, amma abin da Hooke ya gani bangon matattun ƙwayoyi ne, na ciki ya riga ya bushe. Tsiro ne ke da wannan bango mai tauri, ƙwayar dabba tantani kawai gare ta. Kuma ita kanta rayayya ce, tana ci, tana girma, tana rabuwa biyu. Bakteriya ƙwaya ɗaya ce tak, ga ta da ranta. Ɗaki ba ya haihuwa.

Ɗalibi: To me zai hana a ce sel kawai? Shi ne a jarrabawa.

Tsohon Tafinta: Kun ji irinta! Haka muke raina harshenmu. Balarabe bai ara ba, ya ce "haliyya", kalmar da yake kiran gidan ƙudan zuma da ita. Mu ne kullum da ƙoƙon bara?

Ɗalibi: Baba, ba raini ba ne. Littafi da alƙalami ma aro ne, rediyon da za a yi shirin ma haka.

Tsohon Tafinta: Waɗancan sun zama 'yan gida. Ɗakin rai kuwa, ko tsohuwa ta ji za ta gane.

Malamar Kimiyya: Za ta ɗauka zuciya ake nufi, Baba.

Mai Shirin Yara: Iyayena, dare yana yi. Ga abin da na rubuta: "Jikin tsiro da na dabba duk da ƙwayoyin halitta aka gina su. Kowace tana da tantani, a cikin akasarinsu kuma akwai ƙwayoyin gado." Zan ambaci sel sau ɗaya saboda 'yan makaranta. Labarin Hooke da ɗakunansa zan buɗe shirin da shi. Saura cibiyar nan da ke tsakiyar ƙwayar, ban sami sunanta ba.

Malamar Kimiyya: Ka riga ka faɗa, cibiya. Sai dai kada ka ce kowace ƙwaya na da ita, jajayen ƙwayoyin jinin mutum ba su da ita.

Tsohon Tafinta: Cibiya na yarda. Ƙwayar gado ma ba laifi. Ƙwayar halitta dai ban gamsu da ita ba, za mu koma kanta bayan shirinka.