Chevelle SS 454 ta 1970: ta asali ce ko jabu?

Baƙon Ohio: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗina. Wani dattijo a kusa da inda nake aiki zai sayar da motar Chevrolet Chevelle ta 1970, ja mai baƙaƙen layuka biyu a bonet. Ya ce SS 454 ce, wato samfurin Super Sport mai babban injin 454, kuma injin nata LS6 ne, mai ƙarfin doki 450. Na je na gani, tambarin SS yana gaba da baya da gefe, injin kuwa da ya tayar sai da ƙirjina ya amsa. Shekara shida ina tara kuɗi saboda irin wannan motar. Me ya kamata in duba?

Baba Bakanike: Wa alaikumus salam. Yarona, fara cire tambarin nan daga lissafinka. Tambari, bonet mai tudu, layukan fenti, baƙar robar nan ta bampar baya, har dashbod mai zagayayyun agogo, duk ana sayar da sababbinsu a yau. Karanto mini farkon lambar shasi, tana kan dashbod ta ɓangaren direba, ana hango ta ta gilashi.

Baƙon Ohio: Ta fara da 13637, sai 0, sai K. Gaba ɗaya guda 13 ce, Baba. Ba 17 ya kamata ba?

Baba Bakanike: Daidai take, mai 17 sai daga 1981 aka fara. Sifirin nan shekarar 1970 ce, K kuma masana'antar Kansas City. Amma ga inda gizo ke saƙar: 13637 ba ta ce komai ba illa Malibu, wato Chevelle ta gama-gari, mai ƙofa biyu da injin V8. Daga 1966 zuwa 1968 SS 396 tana da lambarta ta kanta mai farawa da 138. Daga 1969 sai Chevrolet ta mayar da SS ƙari da mai saye ke zaɓa a kan Malibu. A 1970 lambar wannan ƙari Z25 ce ga SS 396, Z15 ga SS 454, kuma babu ko ɗaya a lambar shasi. Sai a 1972 aka fara sa harafin injin a ciki. Shi ya sa a duk motocin ƙarfi na wancan zamani, wannan tana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. LS6 guda 4,475 kacal aka ƙera a shekarar, har da El Camino, 'yar'uwar Chevelle mai buɗaɗɗen baya, a ciki.

Mai Mopar: Wannan ne dalilin da na tsaya a Dodge da Plymouth. Harafi na biyar a lambar shasi yana gaya maka injin kai tsaye. A 1970 R na nufin 426 Hemi, V na nufin 440 mai kabireta uku, U kuma 440 mai kabireta ɗaya. Ga ƙaramin farantin ƙarfe a cikin bonet ɗauke da lambobin fenti da giya da sauran ƙari, sannan sun buga wani ɓangare na lambar a jikin ƙarfen da ke riƙe lagireto. Ka bar Chevelle ka nemi Plymouth Road Runner, ɗan'uwa.

Baƙon Ohio: Yaya, zuciyata tana kan Chevelle, ba yadda zan yi.

Hajiya Mai GTO: To ƙanina, tunda ita kake so, takarda za ka nema. Mu masu Pontiac mun huta, domin PHS, masu adana tarihin Pontiac, suna da takardun cinikin masana'anta, ka aika lambar shasi su turo maka abin da motar ta fito da shi. Masu Ford daga 1967 zuwa sama suna da irin wannan, ana kiransa rahoton Marti. Chevelle ɗin da aka haɗa a Amurka ba ta da wurin da za ka aika a tabbatar maka. Waɗanda aka haɗa a Oshawa ta Kanada ko aka sayar a ƙasar su ne suka yi sa'a, GM ta Kanada, wato reshen uwar kamfanin Chevrolet, ta adana bayanansu, taka kuwa ta Kansas City ce. Saura abu biyu: takardar haɗawa da ma'aikata ke cusawa cikin mota a kan layi, da ƙaramin katin ƙarfe na garanti da ake kira Protect-O-Plate. Takardar akan same ta a ƙarƙashin kujerar baya tsakanin wayoyin sifirin ɗin kujerar, ko a saman tankin mai, ko bayan murfin ƙofa. Ka tambayi dattijon ko an taɓa sauke tankin.

Baba Bakanike: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai takardar ma ana buga ta jabu, a shafa mata mai da ƙura ta yi kamar ta shekara hamsin. Don haka ni ƙarfe nake fara tambaya. Ka tafi da tocila da tsumma. A gaban injin ta ɓangaren fasinja, dab da inda kan silinda ya zauna, akwai wani ɗan fili shafaffe. Lamba biyu ke wurin. Ta farko ta masana'antar injin ce, tana farawa da T, wato Tonawanda ta jihar New York, sai wata da rana, sai haruffa uku. CRV ita ce LS6 mai giyar hannu, CRR mai giya otomatik. Ta biyu guntun lambar shasi ce, dole ƙarshenta ya yi daidai da na dashbod. Wasu masana'antun sukan buga wannan guntun a ƙasa kusa da matatar mai, in ba ka gan shi a sama ba ka leƙa can.

Kada ka tsaya a karanta lambar kawai, ka dubi filin kansa. Na asali yana da siraran layuka miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya, sawun injin da ya fere shi a masana'anta. In ka ga sawu mai lanƙwasa kamar baka, ko filin ya yi sumul, an goge an sake bugawa. Sannan a bayan injin, wajen da yake haɗuwa da giya, akwai ranar da aka zuba ƙarfen. Dole ta riga ranar haɗa injin, ita kuma ta riga ranar haɗa motar da ke kan farantin da ke jikin bangon bayan injin. Injin da ya zo duniya bayan motarsa ba nata ba ne.

Ɗan Kamasho: Baba, nan aka cuce ni. Na taɓa sayen Camaro ta 1969 da sunan Z/28 ta hoto kawai, cinikin biri a sama. Injin yana da haruffansa na DZ, alamar injin Z/28, amma da wani masani ya haska filin sai ga sawun gogewa. Na sayar da ita da asara mai ciwo, kuma na gaya wa wanda ya saya gaskiya. Kyan ɗan maciji gare su motocin nan. Ka biya wanda ya san Chevelle ya duba maka, kuɗinsa bai kai kuɗin taya huɗu masu kyau ba.

Hajiya Mai GTO: Ka kuma kwanta ƙarƙashinta. LS6 mai giyar hannu Muncie M22 ce take zuwa da ita, mai kukan nan da ake ji tun daga nesa, otomatik kuma Turbo 400. Ita ma giyar tana da guntun lambar shasi. Murfin aksul na baya ka ƙirga kusoshinsa, 12 ne a SS. In 10 ka samu, ka san Malibu ce aka yi wa ado, ko kuma an canza aksul ɗin.

Mai Mopar: Ka riƙe maganaɗisu ma, ka bi bayan tayoyin baya da ƙasan gilashin baya. Inda ya ƙi kamawa, fila ce ta rufe tsatsa. Ohio gishiri ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara.

Baƙon Ohio: Allah ya saka da alheri. To in ta tabbata ba LS6 ba ce, in haƙura?

Baba Bakanike: A'a. Malibu mai lafiyayyen bodi da aka sa wa 454 mota ce mai daɗin tuƙi, har ma za ka fi sakin jiki da ita a titi. Abin da ban yarda ba shi ne ka biya kuɗin LS6 a kanta. Mai yiwuwa ma dattijon haka aka sayar masa, kada ka shiga da zargi. Ka roƙe shi ya bar ka ka ɗaga kujerar baya a gabansa.

Baƙon Ohio: Na kira shi yanzu, ya amince, ya ce ba a taɓa sauke tankin ba tun da ya saye ta. Ranar Asabar zan koma da tocila da maganaɗisu, in turo muku hoton filin injin nan, Baba ya duba layukan.