Zauren Unguwar Badariya: rigimar baƙin bututu

Baban Hafsat: Jama'a ku taya ni gani. Mai gyaran famfo ya ja min baƙin bututun roba daga bohol zuwa tanki, ya ce zai yi har abada. Da azahar ruwan ko alwala ba ya yiwuwa don zafi, ga bututun ya bi tsakar gida yana lanƙwashewa. An cuce ni ko ba a cuce ni ba?

Malam Na Masallaci: Subhanallahi. Har abada? Allah kaɗai ke dawwama. Ya tuba tukuna.

Mai Shago: Allah gafarta Malam, maganar kasuwa ce. Shekara 50 ake ƙiyasta wa irin wanga bututu, PE100, kuma tsatsa ba ta cin shi.

Kawu: Hamsin ce abada? Ni na haura saba'in. Bututun ƙarfen gidanmu tun ana ce da mu jihar Sakkwato yake, kafin 1991.

Hajiya Babba: Kawu, da girmanka. Ba gidanku ne ruwa ke fita ja ba, sai an tace da ɗankwali?

Kawu: Ke da a Jega kika girma, mi kika sani game da famfon Birnin Kebbi?

Injiniya: A tsaya. Lissafin 50 ɗin a kan ruwa mai zafin digiri 20 aka yi shi. Nan a watan Afrilu muna wuce 40, kuma in zafi ya ƙaru, matsin da bututun ke iya ɗauka raguwa yake. Baƙin launin na kare shi daga cin rana, amma yana kwasar zafi, ya miƙe ya lanƙwashe. A binne shi kawai. Kuma gam ba ya kama shi yadda yake kama PVC, wato bututun roba mai tauri, sai a narka bakin biyu da inji a haɗe, ko a sa mahaɗi mai murɗawa.

Malam Na Masallaci: To kun ji. Ko hamsin ɗin ma da sharaɗi, balle abada.

Mai Shago: Injiniya, kai da PVC ka sa a kwatar gidanka, rana ta busar da shi ya tsage?

Injiniya: Amalanken mai yashi ta taka shi.

Hajiya Babba: Jegar dai da ka raina, can kake aikawa a sayo maka albasa.

Baban Hafsat: Ni tambayata, an cuce ni?

Kawu: Albasar Aliero ce, Jega hanya ce kawai.

Mai Shago: A matsayina na shugaban zaure, ga abin da aka tsayar. Kowa ya yarda baƙin bututu ya fi ƙarfe da PVC, har Injiniya ya tabbatar. Malam bai musa ingancinsa ba, lafazi ya gyara. Baban Hafsat ya nemo yara su haƙa mishi rami. Mai buƙata, akwai inci ɗaya da inci biyu a shago, mai shuɗin layi na ruwan sha. An rufe maganar.