Shawarwari Kan Tsara Lokutan Aiki da Cron

Cron manhaja ce da ke gudanar da ayyuka da kanta a kwamfuta a lokutan da aka tsara mata. Masu kula da sabobin Linux (manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima, masu aiki da tsarin Linux) da suka tattauna yadda ake tsara mata lokutan aiki sun fara ne da gurabe biyar na layin cron, wato minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako, inda alamar tauraro ke nufin kowane lokaci. Saboda haka 30 2 * * 1 na nufin ƙarfe biyu da rabi na dare a kowace Litinin, domin Lahadi ce sifili.

Gargaɗin da ya fi maimaituwa shi ne wanda ya rubuta * 3 * * * da nufin aikin ya gudana sau ɗaya da ƙarfe uku, zai tarar ya gudana sau 60, domin ya bar gurbin minti a buɗe. Wanda ya fi wannan rikitarwa, a ganina, shi ne cike ranar wata da ranar mako tare: 0 0 13 * 5 ba ya jiran Juma'ar da ta faɗo 13 ga wata, yana gudana ne a kowace Juma'a da kuma kowace ranar 13.

Sun kuma jaddada duba agogon sabar, domin da yawa suna bin UTC, ma'aunin lokaci na duniya, wanda Najeriya da Nijar suke gabansa da awa ɗaya. A rubuta cikakkiyar hanyar kowane umarni, wato cikakken adireshin inda fayil ɗinsa yake a sabar, tunda cron ba ya ɗaukar saitin da mutum ya saba da shi, sannan a tura saƙonnin kuskure cikin fayil. Aikin da kan ɗauki dogon lokaci kuwa, a kulle shi da umarnin flock don kada sabon zagaye ya hau kan wanda bai ƙare ba.