Zan yi wa waƙar rabuwa bidiyon katun, ta ina zan fara?

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Mun rabu da yarinyar da nake so, abin ya tsaya min a rai har na rubuta waƙa na yi rikodin, yanzu so nake na yi mata bidiyon katun irin wanda ake sawa a YouTube ɗin nan, yaro zaune bakin taga ana ruwa yana ta duba waya ba saƙo. Na ɗan iya zane amma waya kawai gare ni, waƙar minti 3 ce. Kuma raina yana so na zana ita yarinyar sak, har tabon gefen girarta, ta gani ta san abin da ta min.

Mai Zane:
Wa'alaikumussalam ɗan uwa, Allah ya ba ka haƙuri. Fara da lissafi, katun mai motsi sosai yana cin zane 12 duk daƙiƙa, minti 3 kenan zane 2,160, kai kaɗai a waya wallahi gajiya za ka yi ka watsar. Ka zana wurare huɗu ko biyar kawai, kowanne da ɗan motsin da zai riƙa maimaita kansa, ruwa na gangarowa a gilashi, ido na ƙiftawa, hasken waya na ɗaukewa. Manhajar zanen katun ta waya mai suna FlipaClip za ta maka wannan, bango a leya ɗaya (wato shimfiɗar zane ɗaya) mutum a wata leyar daban don kada ka riƙa sake zanen bango, in ka gama ka haɗa da waƙar a manhajar editin bidiyo ta CapCut.

Anti Babba:
Ƙanena waƙarka kam ka yi abinka, amma maganar tabon nan ka bar ta. Duk wanda ya san ku zai gane ta, su cika komen da zagi, kai za ka huce wata rana amma bidiyon yana nan yana yawo ana turawa, ita kuma 'yar mutane ce tana da rayuwa a gaba. Ka canja fuskar, ko ka zana ta ta baya, dama ciwonka muke son ji ba kamanninta ba.

Ɗan Editin:
Kuma kar ka yanko daga anime (katun ɗin Japan) na wasu ka liƙa, Content ID, tsarin YouTube mai gano kayan wasu da aka kwafa, zai iya kama shi a toshe bidiyon. Kiɗan ma ka tabbatar kana da izininsa.

Mai tambaya:
Na gode sosai. Anti maganarki ta min zafi amma na ji, ta baya zan zana ta. Mai Zane zan turo maka zanen farko ka duba min.