Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: jini ake nufi ko reno?

Baba Na-Tudu:
Assalamu alaikum. Ku raba ni da ɗana. Jiya muna kallon ƙwallon lambu, wato golf, a talabijin, ya ba ni labarin gidan Jones na Amurka, masu zana filayen wasan. Uban, Robert Trent Jones, an haife shi a Ingila a 1906, ya rasu a 2000, ya zana ko ya gyara filaye wajen 500, har da filin Dar es Salam da ke Rabat a Maroko. 'Ya'yansa biyu, Robert ƙarami da Rees, duk sana'ar suka bi. Na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron nan ya ce wai na ajiye maganar ba a muhallinta ba.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam, Baba. Ni ina bayan ɗanka. Gudun barewa halitta ce, ba wanda ya koya mata. Shi kuwa zanen fili sai an san ƙasa, inda ruwa ke kwanciya, da inda za a haƙa ramin yashi. Yaran sun yi shekaru suna aiki ƙarƙashin mahaifinsu kafin kowa ya buɗe nasa kamfanin. Kyan ɗa ya gaji ubansa, ita ce ta dace.

Baba Na-Tudu:
Malam, to ai Bahaushe na faɗin ta ga ɗan maƙeri da ɗan mahauci. Su a ciki aka haife su da guduma?

Malam Mai Alli:
Ka kama ni nan, Baba.

Hajiya Uwar Biyu:
Ku dai maza kullum uba da ɗa. Karin maganar fa uwa ta ambata, "ba TA gudu". Ku dubi gidan Dye. Pete Dye inshora yake sayarwa kafin ya shiga harkar, matarsa Alice kuma gwana ce a wasan, tare suke zane. Rami na 17 a filin TPC Sawgrass na Florida, wanda ruwa ya kusa kewaye shi kamar tsibiri, shawararta ce, bayan an kwashe yashin wurin ya bar ƙaton rami. 'Ya'yansu Perry da P.B. duk sun zama masu zane. Wace ce barewar a nan?

Yaya Direba:
Hajiya, kin gama da su! Amma ni abin da ke damuna daban. Fili guda miliyoyin daloli yake ci. Attajirin da zai zuba wannan kuɗi suna yake nema, ba zai ba baƙon ido ba. An ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya, to wani lokaci ba a gwaninta ya fi shi ba, ƙofa ce ya tarar a buɗe.

Malam Mai Alli:
Suna na buɗe ƙofa, Yaya, amma ba ya riƙe ta. Rees aka ba gyaran filin Bethpage Black kafin babbar gasar Amurka, US Open, ta 2002, aka sake ba shi Torrey Pines kafin ta 2008. Wansa ya zana Chambers Bay da aka yi ta 2015. A Ingila kuma, Royal Birkdale ya ga hannun kaka da ɗa da jika na gidan Hawtree. Da suna ne kawai, da tuni an sallame su.

Hajiya Uwar Biyu:
Kuma kada a manta, wa da ƙanen nan na gidan Jones sun daɗe ba sa ga maciji, suna takarar kwangila ɗaya. Karin maganar ta ce ɗan zai yi gudu, ba ta ce tare za su gudu ba.

Baba Na-Tudu:
To ni dai na zaci zan samu mai goya mini baya. Bari yaron ya dawo daga masallaci in miƙa masa wayar, ya karanta da kansa. Amsar Malam ta biyu zan fara nuna masa.